Tambaya da Amsa: Sabuwar Toyota Supra Ta Kama Ƙafar Ta Da Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun daɗe muna gardama da abokaina a majalisa kan sabuwar Toyota Supra. Wasu na cewa ba Supra ba ce, BMW ce aka liƙa wa tambarin Toyota, kuma ko kusa ba ta kama ƙafar wadda ta fito a 1993 ba. Wasu kuma na cewa ta fi ta da a komai. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kowane ɓangare a majalisarku yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma zan faɗa maka matsayata tun daga farko. Idan tuƙi ake magana, sabuwar ta wuce ta da yadda kowacce ta fito daga kamfani. Idan kuwa gado ake magana, wato a ce Toyota ce ta zauna ta ƙera motar tun daga inji har ƙusa, to nan sabuwar ba ta da abin cewa.

Bari mu fara da wadda ake kewa. Supra ta fara ne a 1978 a matsayin reshen motar Toyota Celica, ta tsaya da ƙafarta a 1986, amma wadda mutane ke nufi in sun ce "ta da" ita ce ta huɗu, mai lamba A80, da aka ƙera daga 1993 zuwa 2002. Darajarta kusan duk tana cikin injinta, 2JZ-GTE. Inji ne mai lita 3, silinda shida a jere, da turbo biyu, wato na'urorin da ke cusa wa inji ƙarin iska, masu aiki bi da bi: ɗaya na ɗaukar nauyi tun inji na ƙasa, na biyun ya shigo idan an taka sosai. A Japan an rubuta masa ƙarfin doki 280, saboda wata yarjejeniya ta fatar baki da kamfanonin motocin ƙasar suka yi cewa ba za su tallata abin da ya haura haka ba. Wanda aka kai Amurka an rubuta masa 320.

Abin da ya sa makanikai ke girmama wannan inji shi ne an gina shi fiye da aikin da aka ba shi. Bulok ɗinsa na ƙarfen zubi ne mai kauri, ƙaranshaf ɗinsa na bugaggen ƙarfe ne, akwai ƴan bututu masu fesa wa fistin mai daga ƙasa don ya huce, kuma an bar matsin silindarsa ƙasa, kashi 8.5 bisa 1, wanda ke ba da sarari a cusa masa iska da yawa ba tare da ya fashe ba. Giyar hannu mai shida da aka haɗa masa, ta kamfanin Getrag na Jamus, ita ma haka take da juriya. Shi ya sa masu gyaran motoci suka gano cewa in aka sauya turbo, aka ƙara hanyar mai, aka gyara kwamfutar inji, za a ninka ƙarfinsa ba a buɗe cikinsa ba. Waɗanda suka buɗe suka sauya kayan ciki kuwa sun kai shi doki 1,000 da ɗoriya. Makanikanmu ma sun san danginsa, domin ɗan'uwansa marar turbo, 2JZ-GE, shi ne a cikin tsofaffin Lexus GS300 da IS300 da aka shigo da su ƙasar nan.

To amma ga inda gardamar majalisarku ta karkace, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Supra mai doki 1,000 ba Toyota ce ta sayar da ita ba, mutanen gareji ne suka gina ta. Wadda ta fito daga kamfani mota ce mai ɗan nauyi, mai kujeru biyu a gaba da ƙanana biyu a baya, wadda ke kai gudun kilomita 100 daga tsaye a wajen daƙiƙa 5. Mota ce mai kyau ƙwarai, kuma injiniyoyinta sun yi wahala wajen rage mata nauyi, har zaren kafet ɗinta sai da aka yi shi mai rami a ciki. Sai dai a zamaninta ba ta yi kasuwa ba. Kuɗin Japan ya yi tsada, farashinta ya yi sama, har a 1997 Toyota ta zaftare wajen dala 10,000 daga kuɗinta a Amurka, duk da haka bayan 1998 aka daina kai ta can. A Agustan 2002 dokar hayaƙi ta Japan ta rufe babinta, tare da Nissan Skyline GT-R ta R34 da Mazda RX-7. Sunan da ta yi ya ƙaru ne bayan ta bar kasuwar Amurka, musamman da fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya nuna ta ga duniya. Saboda haka mafi yawan masu cewa sabuwar ba ta kai ba, suna gwada motar da ta fito daga shago jiya ne da motar da aka shafe shekaru ana kashe mata kuɗi. Wannan awo bai yi adalci ba.

Yanzu sabuwar, GR Supra mai lamba A90. An nuna ta a baje kolin motoci na Detroit a Janairun 2019, bayan shekaru 17 babu Supra. Abokanka masu cewa BMW ce ba ƙarya suka yi ba. Injinta na BMW ne, B58. Ƙashin bayanta, wato ginin ƙasa da motar ke zaune a kai, ɗaya ne da na BMW Z4. Giyarta ta otomatik mai takwas ta kamfanin ZF ce. Allon cikinta da maɓallanta na BMW ne, kuma ba ma a Japan ake haɗa ta ba, kamfanin Magna Steyr ne ke haɗa ta a birnin Graz na ƙasar Ostiriya. Dalilin a fili yake. Babban injiniyan aikin, Tetsuya Tada, ya dage cewa Supra sai da silinda shida a jere da ja da tayoyin baya, ga shi Toyota ta daɗe da daina yin irin wannan inji. Ƙera sabo daga tushe don motar da ba za a sayar da ita da yawa ba asara ce da babu kamfanin da zai ɗauka a yau, BMW kuwa tana da shi a hannu. Da ba a yi wannan haɗin gwiwa ba, ina ganin da Supra ba ta dawo ba sam.

Hannun Toyota yana cikin fasalin bodi, wanda ya samo asali daga motar gwaji FT-1 ta 2014, da kuma saitin sitiyari, shokozoba da yadda ƙarfi ke isa tayoyin baya. An cire kujerun baya, aka taƙaita tazarar tayar gaba da ta baya zuwa milimita 2,470, ƙasa da ta ƙaramar ƙanwarta Toyota 86, aka raba nauyi daidai tsakanin gaba da baya. Sakamakon shi ne mota mai saurin amsa sitiyari, wadda ke shiga kwana da kaifin da A80 ba ta da shi. Ta fara da doki 335 a Amurka, aka ɗaga shi zuwa 382 a samfurin 2021, kuma tun ta farkon tana kai kilomita 100 a daƙiƙa 4.3. Birki, taya, kariya lokacin haɗari, shan mai, duk ta yi gaba, abin da ake tsammani ke nan bayan fiye da shekaru 25.

Shi kansa B58 bai cancanci rainin da ake masa ba. Bulok ɗinsa na alminiyam ne, amma samansa rufaffe ne kamar na 2JZ, ƙaranshaf ɗinsa bugagge ne, kuma yana karɓar ƙari cikin sauƙi. Tawagar Papadakis Racing a Amurka ta gina shi ya haura doki 1,000 don gasar zamiya, wato gasar zamar da mota a kwana, ko da yake sai da ta sauya kayan cikinsa. A ganina shi ne injin zamanin nan da ya fi kusa da halin 2JZ. Abin da ya rage masa shi ne shaidar shekaru, domin 2JZ ya yi shekara 30 yana shan wuya a hannun mutane, shi kuwa har yanzu yana kan hanya.

Akwai inda nake tare da masu ƙorafi ba tare da ja ba. Fitar da Supra a 2019 babu giyar hannu kuskure ne, kuma Toyota ta gyara shi a 2022 da ta ƙara mai shida. Cikin motar matsattse ne, gani ta baya da gefe ba shi da yalwa, in ka sauke gilashi kana gudu iska na bugun kunne, kuma yawancin ƙofofin iskar da ke jikin bodi a toshe suke, ado ne kawai. Mafi girma a wurina shi ne wanda ya zauna cikin A80, inda allo da maɓallai duk suka karkato suna fuskantar direba, ya san yana cikin motar da Japanawa suka yi da tunaninsu. Wannan jin babu shi a A90, kuma ba ƙaramin rashi ba ne ga motar da ke ɗauke da wannan suna.

In kana so ka ga ɗaya hanyar, dubi Nissan. Sabuwar Z da ta fito a 2022 tana da injin Nissan na kanta mai doki 400 da giyar hannu tun ranar farko, amma an ɗora ta ne kan ƙashin bayan 370Z da aka gyara. Nissan ta riƙe asali ta haƙura da tsohon gini, Toyota ta samu sabon gini ta ari inji. Ko wannan zamanin ma ya zo ƙarshe, domin Toyota ta sanar cewa a 2026 za a rufe ƙera A90.

Idan a majalisar taku akwai mai niyyar saye ya kawo gida, ya sani cewa makaniken sabuwar Supra shi ne mai gyaran BMW da na'urar binciken BMW, ba mai gyaran Corolla da Camry ba, kuma kayan gyaranta farashin BMW ne. Injin yana son fetur mai kyau da baƙin mai na asali a kan lokaci, ga cikinta kusa da ƙasa, wanda ke nufin tudun rage gudu da ramukan damina za su gwada haƙurinsa. Ta da kuwa yanzu mota ce da ta haura shekara 20, mai giyar hannu da turbo ta zama kayan masu tarawa, kuma da wuya ka samu wadda ba a taɓa ba. Kafin ya biya ko kwabo, a auna matsin silinda shida ɗin ɗaya bayan ɗaya, a duba ko turbo biyun na asali ne, a kuma bi wayoyin inji a ga ko an taɓa yanka su.