Ƙuma a jikin kyanwa: amsoshin likitan dabbobi

Tambaya: Likita, kyanwata tana yawan sosa har gashin bayanta ya fara zubewa, amma na duba ban ga komai ba. Ƙuma ce?

Amsa: Malama, rashin ganinta ba shi ne ke nuna babu ita ba, domin kyanwa mai tsafta ce, tana lashe jikinta ta haɗiye ƙumar kafin ido ya kai gare ta. Ki samu mataji mai ƙananan haƙora, ki tsayar da ita a kan farar takarda, ki taje ƙeyarta da gindin wutsiyarta. Idan baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro suka zubo, ɗiga musu ruwa. In suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, wato jinin kyanwarki da ta sha.

Tambaya: Muna da maganin kaska da muke sa wa kare. Zan iya shafa wa kyanwa kaɗan? Wani kuma ya ce in sa kananzir ko fiya-fiya.

Amsa: Don Allah, Malam, kada ka yi ko ɗaya. Da yawa daga magungunan kare suna ɗauke da sinadarin permethrin, kuma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar ta kare. Ɗan kaɗan ya isa ya sa ta dalalar miyau, jikinta ya kama karkarwa, ta shiga jijjiga, wani lokaci har ta mutu. Ko kwanciya ta yi jikin karen da aka shafa wa, tana iya kamuwa. Kananzir yana ƙona fata, fiya-fiya kuwa guba ce gare ta da kai da yaran gidan, kuma ka tuna duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. In an riga an shafa, a wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun ruwa na wanke-wanke, a nannaɗe ta a tawul, a garzaya asibitin dabbobi tare da kwalbar maganin.

Abin da ya dace shi ne maganin da aka rubuta na kyanwa ne, mai ɗauke da fipronil ko imidacloprid ko selamectin. Ana buɗe gashin ƙeya a ɗiga a kan fata, inda harshenta ba ya kaiwa, sau ɗaya a wata, gwargwadon nauyinta.

Tambaya: Na sa maganin, bayan sati biyu ƙumar ta dawo, yanzu har mu take cizo a ƙafa. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Ba lallai ba. Wadda kike gani a jikin kyanwa ƙalilan ce, mafi yawa suna cikin ɗaki a matsayin ƙwai da tsutsa. Macen ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, su zube a tabarma, ƙarƙashin katifa da tsagar daɓe. Waɗanda suka shiga kwanso suna iya yin watanni kafin su fito, kuma laimar damina tana taimaka musu ƙwarai. Ki ci gaba da maganin wata 3 a jere ba fashi, ga kowace kyanwa da kare a gidan, kowa da nasa. Ki wanke shimfiɗarta da ruwan zafi duk sati, ki shanya tabarmi a rana, ki riƙa share lunguna kina fitar da sharar. Ki kuma duba ƙarƙashin wutsiyarta: in kin ga farin abu kamar ƙwayar shinkafa, tsutsar ciki ce da ake samu ta haɗiyar ƙuma, maganinta praziquantel.

Tambaya: 'Ya'yan kyanwata sati 3 da haihuwa, ƙuma ta cika su.

Amsa: Wannan na gaggawa ne, domin jininsu bai taka kara ya karya ba. Ɗaga leɓensu ki duba dasashi. In ya yi fari fat maimakon ja-ja, ko sun daina shan nono, kai su wurin likita yau. Yawancin magungunan ɗigawa ba a sa wa 'ya'yan kyanwa sai sun kai sati 8 da haihuwa, don haka a yanzu ki riƙa taje su safe da yamma kina tsoma matajin cikin ruwan sabulu, ki canza musu shimfiɗa kullum, likita kuma ya zaɓa wa uwar maganin da ya dace da mai shayarwa.