Yaya rundunar 'yan sanda za ta riƙe ƙwararrun jami'anta?

Tambaya: Ni jami'i ne a sashen kula da ma'aikata na wata rundunar 'yan sanda. Muna kashe kuɗi masu yawa wajen horar da masu binciken manyan laifuka da masu bin sawun 'yan damfara ta intanet, amma da zarar hannunsu ya faɗa sai su ajiye aiki su koma bankuna da kamfanonin tsaro. Shin ƙarin albashi ne kaɗai mafita?

Amsa: Yallaɓai, albashi da alawus suna da muhimmanci, domin jami'in da ke lissafin kuɗin haya a bakin aiki ba zai tattara hankalinsa kan bincike ba. Sai dai runduna ba za ta iya gogayya da banki wajen biya ba, saboda haka dole ne ta nemi abin da ke hannunta. Matsalar ma ba taku ce ku kaɗai ba. A Ingila da Wales an ɗauki ƙarin 'yan sanda 20,000 tsakanin 2019 da 2023, amma a daidai wannan lokaci masu yin murabus don raɗin kansu suka yi ta ƙaruwa har suka zarce masu ritaya. Farfesa Sarah Charman ta Jami'ar Portsmouth ta tattauna da waɗanda suka bar aikin, kuma abin da suka fi kokawa da shi shi ne rashin kyakkyawan shugabanci, da toshewar hanyar ƙarin girma, da ganin cewa ba a sauraronsu.

A ganina babbar ɓarakar tana cikin tsarin muƙamai. Aikin ɗan sanda an gina shi ne bisa tsani guda, daga kurtu zuwa saje zuwa sufeto har sama, kuma yawanci hawa kowane mataki yana nufin barin aikin hannu a koma shugabantar mutane. Ka ɗauki jami'ar da ta shafe shekaru tana koyon yadda ake ciro saƙonnin da aka goge daga waya, da yadda ake adana su har kotu ta karɓe su a matsayin shaida ba tare da lauyan wanda ake tuhuma ya sami kafar rushe su ba. Idan ta ci jarrabawar ƙarin girma, sai a tura ta jagorantar masu sintiri, inda ilimin nan ba ya da amfani. Idan kuwa ta zaɓi zama a sashenta, sai ta ga tsararrakinta sun wuce ta a muƙami da albashi, har wata rana ta sara wa wanda ta koya wa aiki. A irin wannan hali takardar tayin aiki daga banki take iske ta. Maganin shi ne a buɗe wa ƙwararru tsaninsu na daban, wanda mutum zai riƙa samun ƙarin matsayi da kuɗi bisa zurfin gwanintarsa yana nan a fanninsa.

Sauyin wurin aiki barkatai shi ma yana korar mutane, musamman idan jami'ai suka fahimci ana amfani da shi wajen hukunta wanda ya ƙi rufe wani fayil. Ya kamata a ƙayyade shekarun da ƙwararre zai yi a sashensa, a kuma hana ɗauke shi sai da dalili a rubuce. Yarjejeniyar da ke tilasta wa wanda aka tura kwas ya yi wasu shekaru kafin ya tafi tana da amfani, amma jinkirta tafiyar kawai take yi.

Akwai kuma gajiyar zuciya, wadda ake yawan raina ta. Wanda aikinsa kullum shi ne duba hotunan cin zarafin yara ko halartar wurin kisan kai yana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa lokaci-lokaci, da iyaka ga yawan ƙararrakin da ake ɗora masa, ba tare da an shigar da wannan cikin takardunsa a matsayin rauni ba.

Kafin ku ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai, ku tattara sunayen waɗanda suka tafi cikin 'yan shekarun nan, ku duba sashen kowa da shugaban da ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Idan murabus ya taru ƙarƙashin mutum guda, to daga nan gyara zai fara. Sannan duk mai shirin tafiya a zauna da shi a ji dalilinsa, amma wanda zai yi masa tambayoyin ya kasance daga wajen sashensa, domin ba kasafai jami'i yake faɗin gaskiya a gaban wanda zai sa hannu a takardar sallamarsa ba.