Aurena da Baturiya yana neman mutuwa: ina makomar izinin zamana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jamus da matata 'yar ƙasar Faransa, kuma katin zaman da nake riƙe da shi na shekara 5 ne, an ba ni shi a matsayin mijinta. Aurenmu ya kusa shekara 4, fiye da 2 daga ciki a nan muka yi su. Ba mu da ɗa, kuma ina da aikin albashi. Yanzu zaman ya ƙi daɗi, ta kama ɗakinta daban, tana kuma cewa za ta koma Faransa ta nemi a raba auren daga can. Wasu sun ce da zarar an raba mu za a kore ni, wasu sun ce katina yana nan daram har wa'adinsa ya cika. Wanne ne gaskiya? Daga wani mai karatu a Jamus.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo mafita. Duka maganganun biyu da aka faɗa maka ba daidai ba ne, kuma ta biyun ta fi haɗari, domin ita ce za ta sa ka naɗe hannu a daidai lokacin da ya kamata ka tashi tsaye.

Da yake matarka Bafaranshiya ce mai zama a wata ƙasar Tarayyar Turai da ba tata ba, dokar da ta hau kanka ita ce ƙa'idar Tarayyar mai lamba 38 ta shekarar 2004, wadda ta tsara 'yancin zirga-zirgar 'yan Tarayyar da iyalansu. Sashe na 13 na wannan ƙa'ida ya ce mutuwar aure ba ta raba baƙo da izinin zamansa idan auren ya kai shekara 3 kafin a shigar da ƙarar rabuwa, kuma aƙalla shekara 1 daga ciki an yi ta a ƙasar da ake zaune. Lissafin yana tsayawa ne a ranar da aka shigar da ƙara, ba ranar da alƙali ya yanke hukunci ba, ba kuma ranar da kuka raba ɗaki ba. Bisa abin da ka rubuto, ka cika wannan sharaɗi.

Raba gida da kuka yi ma bai taɓa matsayinka ba. Tun a 1985 Kotun Tarayyar Turai ta yanke, a shari'ar Diatta, wadda ta shafi wata 'yar Senegal da ta auri Bafaranshe suna zaune a Berlin, cewa ma'aurata suna nan a matsayin ma'aurata ko da kowa yana gidansa, matuƙar hukumar da ke da hurumi ba ta warware auren ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar komawarta Faransa. Izinin zamanka a yau rataye yake da zamanta a Jamus, kuma ranar da ta kwashe kayanta ta bar ƙasar, abin da izinin ya jingina da shi ya kau. A watan Yulin 2015, a shari'ar Singh, kotun ta duba lamarin wasu maza uku, daga Indiya da Kamaru da Masar, waɗanda matansu suka bar ƙasar Ailan kafin a fara shari'ar rabuwa. Dukkansu sun haura shekara 3 da aure, amma kotun ta ce sashe na 13 bai kāre su ba, domin haƙƙinsu ya riga ya faɗi tun ranar da matan suka tafi, kuma ƙarar da aka shigar daga baya ba ta iya raya abin da ya riga ya mutu. Ina ganin wannan hukunci ya yi tsauri, domin ya sa makomar mutum a hannun wanda ya riga ya juya masa baya, amma shi ne ake aiki da shi. Katin da ke aljihunka shaida ce kawai ta haƙƙin da kake da shi. Idan haƙƙin ya faɗi, ofishin kula da baƙi yana da ikon bayyana hakan tun kafin wa'adin katin ya ƙare.

Saboda haka, idan sulhu ya gagara, abin da zai kāre ka shi ne a shigar da ƙarar rabuwa tana nan a Jamus. A nan kuma akwai wani cikas, domin dokar Jamus tana neman ma'aurata su yi shekara guda a rabe kafin kotu ta raba su, sai fa idan akwai matsanancin hali. Ka ga lauyan da ya san dokar iyali da ta baƙi a wannan makon, ka faɗa masa ainihin ranar da kuka raba gida, ya lissafa maka ranar farko da za a iya shigar da ƙara. Sannan ka yi wa matarka bayani cikin mutunci, domin mai yiwuwa ba ta san cewa tafiyarta kafin wannan rana za ta jefa ka cikin matsala ba. Kada kuma ku yi dabarar barin sunanta a rajistar mazauna gari alhali ta tafi, domin ƙaryar da aka yi wa hukuma ta fi rashin takarda cutarwa idan ta tonu. Idan ta dage sai ta tafi, lauyan ya duba maka yiwuwar komawa kan izinin zama na ma'aikaci a ƙarƙashin dokar Jamus, kuma a nemi hakan kafin ta tashi.

Bayan an raba auren, izinin ya zama naka na kanka, amma da sharaɗin ka kasance kana aiki, ko kana sana'ar kanka, ko kana da abin da zai riƙe ka tare da cikakkiyar inshorar lafiya. Ka riƙe aikinka da kyau, ka adana takardun albashi, da yarjejeniyar hayar gida, da shaidar aure, da takardar kotu mai nuna ranar shigar da ƙara. Idan ka cika shekara 5 a jere kana zaune bisa doka, kana da haƙƙin zama na dindindin.

Ga sauran masu karatu da aurensu bai kai shekara 3 ba, sashe na 13 ya bar wasu ƙofofi: wanda aka ba riƙon 'ya'ya, da wanda kotu ta ba izinin ganin ɗansa ƙarami kuma ta ce a ƙasar za a riƙa ganin, da wanda ya fuskanci duka ko cin zarafi a cikin auren. A 2021 Kotun Tarayyar Turai ta sassauta wa wannan rukuni na ƙarshe, ta ce ko da mai cin zarafin ya bar ƙasar, haƙƙin yana nan idan aka shigar da ƙara cikin lokacin da ya dace bayan tafiyarsa. Mai wannan hali ya adana rahoton likita da na 'yan sanda.

Duk abin da na faɗa bai shafi wanda ya auri Bajamushiya kuma suke zaune a Jamus ba, domin shi dokar ƙasar ce ta hau kansa, kuma sashe na 31 na dokar zaman baƙi yana ƙirga shekara 3 na ainihin zama tare a Jamus, ta yadda raba gida kaɗai yana tsayar da lissafin. Birtaniya kuwa ta fice daga Tarayyar tun 2020, tana da nata tsarin daban.