Tambaya da Amsa: Wai har shinkafa ana yi wa gwajin DNA?

Tambaya: Salam Malam. Na sayi irin shinkafa a kasuwa, mai shagon ya rantse min Faro 44 ce, amma da ta fito wata doguwa wata gajera, wata ta nuna wata ko ciki ba ta ɗauka ba. Yarona ɗan jami'a ya ce wai akwai gwajin DNA na shuka, da gaske ne?
Manomi daga Kura

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Yaron nan ya yi gaskiya. Ɗan guntun ganye ake yanka a busar, a kai ɗakin gwaji a ciro DNA ɗin, wato ƙwayar gadon halittar shukar, ba duka ake karantawa ba, wasu gurare ne aka sani inda iri ya bambanta da iri, su ake dubawa sai a gwada da na asalin irin da masu bincike suka ajiye, in sun zo ɗaya to shi ne, in ba haka ba an yi maka gauraye ko an ba ka wani iri daban. Taki ko ƙasa ko ƙarancin ruwa duk suna canza kamannin shuka amma ba sa taɓa waɗannan guraren na DNA. Kuma don Allah kar a haɗa shi da maganar GMO, wato shukar da aka sauya wa ƙwayar halitta, nan ba a ƙara wa shuka komai, dubawa kawai ake.

An ma yi shi a ƙasar nan. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta bi gonakin rogo ta karɓi ganye aka gwada, sai ga manoma da yawa na cewa rogon gargajiya suke nomawa alhali ingantacce ne, wasu kuma akasin haka. Ka ga ke nan suna ba hujja ba ne, ita kanta Faro 44 ɗin ai Sipi wasu ke ce mata.

Amma gaskiya gwajin nan aikin cibiyoyi ne da kamfanonin iri, ba na mai buhu biyu ba, kuma ba zai faɗa maka ko irin zai tsiro ba. Gonarka kam ba sai an je da nisa ba, abin da ka gani alamun gauraye ne, sai dai ka tuna ko akwai gyauron bara a wurin kafin ka ɗora wa mai shago laifi. Baɗi ka nemi buhu mai tambarin hukumar iri ta NASC, ka kankare lambar tantancewa da ke jikinsa ka tura ta waya tun kana shagon, kuma wadda ka girbe bana kar ka ajiye ta iri.