Amsa: Kafin ka ƙara keke, nemo inda aiki yake cushewa

Malam, ka ce teloli biyar gare ka amma alkawarin kayan Sallah kullum sai ya wuce lokaci, ko ka ƙara keke? Dakata tukuna.

Tsarin rage asara da Taiichi Ohno ya gina a kamfanin Toyota daga lura yake farawa. Ɗauki kaya 10, ka liƙa wa kowanne 'yar takarda, a riƙa rubuta lokacin da ya shiga da lokacin da ya fita a wajen yanka, ɗinki, surfani, saka maɓalli da guga. Galibi za ka tarar aikin hannu bai wuce 'yan awanni ba, sauran kwanakin a jibge kayan suke.

Sai lissafi. Awa 8 minti 480 ne. In kaya 12 kake son fitarwa a rana, duk minti 40 ɗaya ya fita ke nan. Idan mai surfani yana cin minti 60 a kan riga, 8 zai gama, 4 su kwana. Ko keke goma ka ƙaro, tulin gabansa ne kawai zai ƙaru. Shi za a sauƙaƙa wa: yaro ya tanadar masa zare da zane tun da yamma, kada ya tashi neman almakashi.

Mai yanka kuma a hana shi yanke shadda 30 rana ɗaya, don a nan hannun rigar wani ke shiga kayan wani. Ku ajiye kwando uku tsakaninsa da masu ɗinki. Sai ɗaya ya zama fanko zai yanka wani.