Mai zuwa coci kuma yana zuba wa kakanni giya, Kirista ne?

Ɗan'uwa, ka ce maƙwabcinka a unguwar Asawase ta Kumasi ba ya fashin coci, amma ran Akwasidae, bikin tunawa da kakanni na Asante, sai ka gan shi da kwalbar giya yana tsiyaya wa kakanni a ƙasa, kana tambaya ko Kirista ne. To, su kansu Kiristocin bakinsu bai zo ɗaya a kan wannan ba.

Cocin Pentikostal da yawa suna kiran hakan bautar gumaka kai tsaye. Amma Peter Sarpong, tsohon Akbishop na Katolika a nan Kumasi, ya daɗe yana kare al'adar, a ganinsa addu'a ce irin ta Asante, ba tsafi ba. Kuma duba fadar Manhyia ta sarkin Asante: Sarki Otumfuo Osei Tutu II ɗan cocin Anglika ne, shi ne kuma ke jagorantar Akwasidae duk bayan kwana 42. Tun Sarki Prempeh I, wanda ya dawo daga tsibiran Seychelles a 1924 yana Kirista, ake tafiya haka.

Mu ma a Zango kada mu yi saurin nuna yatsa. Mun san masu salla biyar da ke leƙa gidan bori in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ka tambayi maƙwabcin naka wace coci yake zuwa, don hukuncin fastonsa ya danganta da ɗarikarsu.