Tambaya da Amsa: Dole sai na ɗauki mai ba da shawara kafin in zuba kuɗi a asusun gidaje?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, na yi ritaya bara, an biya ni garatuti, bayan na biya basussuka na aurar da autata saura miliyan 3 a hannuna, ka san ba za su sayi fili mai kyau ba balle gini. Ɗan yayata ya ce akwai wani abu wai REIT, ka sa kuɗi a gidajen haya ana raba maka riba, har ya haɗa ni da abokinsa wai shi mai ba da shawara ne kan harkar kuɗi, zai kula min da komai in ba shi kashi 5 cikin 100. Dole ne sai da shi? Ni dai gabana faɗuwa yake wallahi.
Hajiya, daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Abin da yaron ya faɗa miki gaskiya ne akwai shi, mutane da yawa ne ke haɗa kuɗi a sayi manyan gine-gine, manaja ya karɓi haya, a cire kuɗin gyara da ladansa, a raba sauran gwargwadon jarin kowa. A kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas akwai irin su UPDC REIT da SFS REIT da na Union Homes.

To amma mutum biyu ake cakuɗa miki. Dillalin hannun jari shi kam dole ne, ba a shiga kasuwar sai ta hannunsa, shi zai buɗe miki asusun CSCS da sunanki, wato inda ake ajiye hannayen jarin da kika saya, a ba ki lambar shaidar mai jari da ake kira CHN, taki ta kanki. Mai ba da shawara kuwa ganin dama ne. Kuma ki lissafa, kashi 5 na miliyan 3 naira dubu 150 ne fa, tun ba ki ga kwabon riba ba, kuma bai ma ce miki sau ɗaya ne ko duk shekara ba.

Ki sa yaron ya shiga shafin intanet na SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, a gabanki, akwai jerin masu rajista, ku nemo sunan kamfanin abokin nasa. In babu, magana ta ƙare, ki ba shi ruwa ya sha ku rabu lafiya. In akwai, ki tambaye shi kai tsaye, ban da ni wa ke biyan ka? Don wasu kamasho suke karɓa daga wurin da suka kai kuɗinki, kin ga shawarar ta zama talla ke nan. Kuma ko sisi kar ki tura asusunsa na kansa. Wanda ya ce miki riba tabbas ce kaza duk wata, ki tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025, da irin wannan daɗin bakin aka kwashe mutane.

Inda nake ganin mai shawara zai yi miki amfani wuri biyu ne. Na farko batun halal, don wasu asusun suna ajiye wani ɓangare na kuɗin a takardun bashin gwamnati masu ruwa, sai wanda ya iya karanta rahoton shekara zai gano miki, daga nan ki kai wa malaminki. Na biyu, waɗannan hannayen jarin ba kullum ake cinikinsu sosai ba, ranar da lalura ta taso kina iya jira ba mai saye ko ki karya farashi, ba kamar gwal ba da za ki kai kasuwa da safe ki dawo da kuɗi kafin azahar.

Da ni ne, zan biya mai rajista kuɗin zama ɗaya, a yi ciniki tun farko, ya rubuta min bayaninsa a takarda. Kuma ba zan zuba miliyan ukun duka ba, kuɗin asibiti da na cefanen wata shida suna gefe, tunda fansho kin fi ni sanin yadda yake zuwa.